Raƙuma a Bayan Gonar Kawu

Har yau ba na son jin kukan raƙumi. Salulata, wayar hannun da ta jawo komai, tana can ƙasan kwallar Inna, ƙarƙashin zannuwan da take tara mini, batirinta ya mutu tuni, kuma ban nemi a tashe shi ba.

A garinmu, can tsakanin Ollelewa da Tanut, ba wanda ke kallon fitowar rana. Asuba lokacin salla ce, da daka, da zagayawa bayan gari kafin ido ya fara gane ido. In ka tsaya ka zuba wa gabas ido, za a tambaye ka ko jakinka ne ya ɓata. Ni ma haka na tashi. Kolej ɗin Tanut bai canza ni ba, ban da ya koya mini faɗuwa burebe, jarrabawar fita kolej, cikin mutunci. Abin da ya lalata ni salula ce, wadda yayana ya aiko mini daga Aljeriya bayan ya gama cin amfaninta, fuskarta a tsage kamar ƙasan tabki da rani. Kullum na buɗe ta sai ta nuna mini ƙasar wasu: duwatsu masu farin kai, teku, wani kogi da bishiyoyi jajaye. Ko sau ɗaya ba ta yi kuskuren nuna ƙasarmu ta Damargu ba. Abin ya riƙa cina. Na ce su waɗannan, Allah ne ya yi tasu ƙasar, tamu kuwa ɗan kwangila aka ba?

To amma budurwa ba ta fita da jijjifi ta ce za ta je kallon sama. Hanya ɗaya ce tak, buta. Mace da buta a hannu ko liman ba ya tambayarta ina za ta. Sai in cusa salula a haɓar zane, in ɗau buta, in bi sahun mata, in mun kai wajen sabara kowa ta nemi kurminta, ni kuma in zarce.

Damina ce, hatsi ya fidda kai. Wanda bai ga Damargu a wannan lokaci ba ya daina zaginta. Tudun da duk rani yake kamar ƙeyar tsoho sai ya yi kore shar, raɓa ta kwanta a kan bununi, gabas ta fara da launin toka, ta koma na cikin kankana, sannan rana ta ɓullo kamar an fasa ƙwai a bakin duniya. Nakan ɗauka, in goge, in sake ɗauka, har sai na ji tabarya ta yi yawa a gari, in zubar da ruwan butar a gindin wani hatsi mai rabo, in koma.

Inna ta lura da daɗewata.

"Ke, wannan cikin naki lafiya? Mata su je su dawo, su ɗora tukunya, ke kina can?"

"Yana ɗan murɗa mini ne, Inna."

Ban san na haƙa wa kaina rami ba. Daga ranar kullum sai ta jiƙa mini wani sassaƙe mai ɗacin da ke sa kunne ƙaiƙayi, ta tsaya a kaina har in shanye. Na sha shi saboda fasaha. Ban ji an ce wani mai hoto a duniya ya sha abin da na sha ba.

Ranar da abin ya faru na bi ta gonar Kawu, ƙanen Inna. Gonar tana jingine da tudu, a bayanta akwai shingen ƙaya, bayan shingen kuma burtali, hanyar da aka ware wa dabbobi su bi zuwa rijiya. Ta wannan gefen kuma ruwa ya haƙa wani ɗan kwari. Na gaji da hotunan tsaye, duk kamarsu ɗaya, sai na gangara cikin kwarin na kwanta rub-da-ciki don zangarniyoyi su yi mini tsawo su taɓa sama. Ina kwance, rana na shirin fitowa, sai ga raƙuma sun biyo burtali a jere. Daga inda nake ba a ganin shinge, ba a ganin burtali, ba a ganin ƙafafunsu. Wuyansu kawai da tozayensu, baƙi ƙirin, suna ninƙaya a saman hatsi, ja a bayansu. Wata taguwa ta sunkuyar da kai tana tsinkar ganyen ƙaya. Na danna.

Wallahi ko yanzu da nake tsoron hoton, ba zan ce bai yi kyau ba. Ya fi duwatsun masu farin kai.

Da hantsi aka yi ruwa mai ƙarfi, irin wanda ke shafe sawun kowa. Da yamma na hau tudun da ake samun rezo, inda waya ke kamawa, na ɗora hoton a sitati don duk mai lambata ya gani. Ƙawayena na Tanut suka yi ta aiko da zuciyoyi. Wata ta ce ƙarya nake, daga intanet na sato shi. Ban taɓa jin daɗin zagi irin wannan ba.

Abin da ban sani ba, a ƴan kwanakin nan wani abu ya yi wa kusurwar gonar Kawu aski. Kawu yana ta huci yana neman mai laifi, ruwa kuma ya tafi da sawu.

Ɗan Kawu, taubashina ne. Tun muna yara ba ya ganina bai ce "baiwata" ba, ni kuma in ce masa mai kunnen faifai. Shi ya fara kirana ƴar jarida. Washegari ya shigo gidanmu ko sallama bai ƙarasa ba, tasa salular a hannu, ya buɗa hoton da yatsu biyu.

"Wannan gonar wa ce?"

"Ta Kawu. Ka ga yadda na fito muku da ita? Ku biya ni."

"Wannan taguwar fa, mai tozo a karkace?"

Kowa ya san ta. Taguwar mijin ƙawar Inna ce, Buzuwar da ke kawo mana cuku da nono tun kafin a haife ni, wadda ke zama a tabarmar Inna su yi ta gulmar mazajensu da Hausa rabi, Tamajak rabi. Suna zaune a arewacin gari duk damina.

"Kai, mai kunnen faifai, ba cikin gona suke ba. Burtali suke bi. Ni ce na..."

"Ga wuyanta cikin hatsi kina ce mini burtali?"

"Wallahi a bayan shinge suke."

"Ina shingen? Nuna mini shi a nan."

Na duba. Babu shinge. Ni da kaina na ɓoye shi, da gwaninta.

"Hoto ya fi ki gaskiya," ya ce. Bai ce baiwata ba. Na ɗaga kai na dube shi, na ga wata fuska da ban taɓa sani ba a gidanmu, idanun sun ƙanƙance. Ya juya ya fita. Na bi shi har ƙofa ina kira, ko waiwaye.

Inna tana tsaye da ludayi.

"Wace gona? Yaushe kika je gonar kawunki da asuba?"

Ta dubi butar, ta dube ni.

"Ashe sassaƙena kike sha a banza, ƴar nema? Har Ollelewa na aika a sayo shi!"

Ba ta gama faɗan ba ihu ya tashi daga wajen rijiya. Ban ga dukan da taubashina ya yi ba, kuma na gode wa Allah. Na ga abin da ya biyo baya: an riƙo mai raƙuman, dattijo dogo, siriri, rawaninsa ya warware yana jan ƙasa, jini na bin gefen fuskarsa yana shiga gemu. Ban taɓa ganin bakinsa ba sai ran nan. Mutumin da ko shayi zai sha sai ya cusa kofin ƙarƙashin amawali, ga shi kai a buɗe a tsakiyar gari, mata na kallo. Matarsa ta zo da gudu ta yafa masa mayafinta. Da ta ɗago, idonta ya faɗa kaina. Ta kau da kai. Da ta zage ni da na fi samun barci.

Kafin azahar danginsa sun iso a kan raƙuma, suka durƙusar da su a bakin gari, kowa da takobi a rataye. Samarinmu kuma suka fito da abin da Allah ya hore, gatari, sanda, har da wani da kwari da bakan kakansa wanda gara ta ci rabinsa. Mun sha jin yadda irin wannan ke ƙarewa a wasu garuruwa: daga kusurwar gona a koma ƙona rumbu da bukka, a kwashi gawa, jandarma su zo bayan an gama su kwashi saura. Kullum labarin wasu ne. Ran nan na ga ashe ba shi da wuyar farawa. Yarinya ɗaya da buta ta isa.

Maigari ya tara kowa a gindin gawo, ya sa liman ya zauna a tsakani. Aka aiko in zo da salula. Na durƙusa can gefe, Inna a bayana tana zungurina in rufe kai da kyau, kamar rufe kai ne matsalar.

Salular ta zaga dattawa hannu zuwa hannu. Wani ya riƙe ta a kife ya ce lalle ɓarnar ta yi yawa. Wani ya taɓa fuskar salular, hoton ya gudu, hoton ƙawata da jan baki ya fito, aka yi salati. Da ta isa hannun maigari, ya nesanta ta, ya kusanto, ya ce:

"To, ai magana ta ƙare. Ga raƙuma, ga hatsi."

Wani daga cikin masu takubba ya gyara zama. Na ji ƙarar kube a kan tsakuwa. Wannan ƙarar ce ta buɗe mini baki, ba jarumta ba.

"Ranka ya daɗe, ba su shiga ba."

"Wa ke magana?"

"Ƴar lakkwal ɗin ce, ƴar bokon nan mai hoton."

"Yarinya, ke kika ɗauka, ke kuma kike ƙaryata shi?"

"Ranka ya daɗe, a kwance na ɗauka."

Wani tsoho ya ce, "A kwance? A gonar mutane? Da asuba?" Inna ta ce innalillahi a hankali. Na san daga wannan lokacin aurena ya ƙara nisa, amma na ci gaba ina bayanin kwari da shinge da tudu. Ba wanda ya gane. Ni ma da nake faɗa sai na ji kamar ƙarya nake shiryawa.

Mai raƙuman ne ya cece ni, yana zaune da ƙyalle a kai, ya mayar da amawalinsa.

"Maigari, ni ban san hoto ba. Na san inda dabbobina suka taka. Ta kai mu inda ta kwanta. Gobe in biyo da su burtali kamar kullum, ku duba."

Maigari ya dubi takubba, ya dubi gatura, ya ga kwana ɗaya ma riba ce. Ya ce an ɗaga zama sai asuba, liman ya riƙe salula amana. Liman ya karɓe ta da bakin rigarsa kamar an miƙa masa kunama.

Ban taɓa fita kallon alfijir da rakiya ba sai ran nan. Ana sallame salla gari ya ɗunguma: maigari da babbar rigarsa, liman, Kawu, taubashina da sandarsa, Buzaye a gefe guda, mata can baya da butocinsu, sun fasa abin da ya fito da su. Raɓa ta jiƙe kowa har gwiwa. Ina gaba kamar akuyar da za a kai kasuwa. Idona na kan gabas, don akwai wani guntun gajimare da ya tsaya daidai inda rana za ta fito. Na ce ya Allah, ban taɓa roƙonka a kan gajimare ba, yau ka taimake ni ka matsar da wannan.

Muka tsaya a bakin kwarin. Daga nan komai a fili yake: ga gona, ga shinge, ga burtali. Can sai ga raƙuman sun ɓullo, mai su na jan akalar ta gaba.

"To, ga su a burtali," in ji Kawu. "Yau ke nan. Ran nan fa? Wannan bai yi kama da hoton ba ko kaɗan."

Samari suka fara guna-guni.

"Kawu, sai an shiga kwarin."

Maigari ya tattare riga ya gangara, ana riƙe da shi. Ya tsaya a ciki, ya duba.

"Har yanzu ina ganin shinge."

"Ranka ya daɗe... sai an kwanta."

"Sai an me?"

"Rub-da-ciki, ranka ya daɗe."

Maigarinmu mutum ne da Allah ya yi wa albarkar tumbi. Tun da na yi wayo ban ga ya sunkuya ba sai a salla, ita ma da shawara. Kwarin kuwa laka ce da ƙarangiya. Ya dube ni kamar zai sa a ɗaure ni, ya dubi liman, liman ya dubi sama. Ya waiwaya ya dubi masu takubba, waɗanda ko ƙiftawa ba sa yi. Sai ya cire hula ya miƙa wa na kusa, ya ce bismillahi, ya durƙusa, ya dafa, ya sauka a hankali kamar ana sauke buhu daga kan jaki.

"Ƙara ƙasa da kai, ranka ya daɗe. Haɓa a ƙasa."

"Yarinya, ki kiyaye ni."

Gajimaren ya tsage daga ƙasa. Ja ya zubo. Raƙuman suka iso daidai bayan gonar, suka yi baƙi. Taguwar mai karkataccen tozo, Allah ya yi mata albarka, ita da ba ta san ana shari'arta ba, ta ga ganyen ƙayar nan da ta saba, ta miƙa wuya ta sunkuya.

Sai muka ji maigari ya kurma ihu daga cikin laka:

"Kai! Kai! Ku kore su! Sun shiga gonar! Ga ta nan tana ci!"

Mu da ke tsaye muna kallon raƙuma a burtali, shinge tsakaninsu da hatsi, ko ganye ɗaya ba su taɓa ba.

Wata tsohuwa a baya ce ta fara fashewa. Sai liman ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Wani saurayi cikin Buzaye ya juya baya, amawalinsa na karkarwa. Maigari ya ɗago kai, haɓa duk laka, ya ga shinge ya dawo, ya mayar da kai, shinge ya tafi. Ya yi haka ya fi a ƙirga, kamar ƙadangare.

"La'ilaha illallahu," ya ce. "Ku zo ku ɗaga ni."

Aka ɗaga shi, gaban rigar ya zama bushiya. Daga nan kowa sai ya kwanta ya gani. Dattawan da ke aiko yara su ɗauko musu buta suka yi layi suna jiran shiga laka. Kawu ya kwanta, ya daɗe bai tashi ba, har raƙuman suka wuce, rana ta hau kan zangarniyoyi tana ƙyalli a raɓa. Da ya miƙe sai ya ce, ba da kowa yake ba:

"Ashe haka gonar take."

Sannan ya tuna kansa, ya murtuke. "To, wa ya ci mini hatsi?"

Ni dai na san bijimin da ke jan amalanken Kawu gwani ne wajen kwance igiya, kuma a makon nan ya yi wani sheƙi da ba a san dalilinsa ba. Amma na riga na yi maganar da ta ishe ni har shekara.

Aka ce mai raƙuman ma ya zo ya gani. Ya girgiza kai.

"Ni na san inda suke. Ba sai na kwanta ba."

Taubashina bai kwanta ba shi ma. Yana tsaye, sandar ta zame daga hannunsa tana cikin ciyawa. Maigari, yana cirar ƙarangiya daga gemu, ya sa shi ya durƙusa gaban dattijon a nan bakin kwari, ya ce Kawu zai kai dattijon wurin likita a Tanut a duba kan, sauran magana kuma ta manya ce. Dattijon ya dube shi ya daɗe, sannan ya miƙa masa yatsu, ba tafin hannu duka ba. Danginsa suka hau raƙumansu. Takobi ko ɗaya bai bar kube ba. Ina ganin ƙurarsu ta yi arewa sai na zauna daɓas cikin raɓa na yi ta kuka, Inna na cewa in tashi kar a ce wani abu, kamar akwai abin da ya rage ba a ce ba.

Yanzu a gari in mutum ya kafe a kan magana sai a ce masa, "A tsaye ka gani ko a kwance?" Ana dariya. Ni ma nakan buɗe baki in taya su. Amma dattijon yana nan da tabo a gefen goshi, ina hango gefen tabon in rawanin ya ɗan zame. Matarsa ta dawo da kawo cuku bayan an yi girbi, sai dai a bakin ƙofa take tsayawa. Inna ta shimfiɗa tabarma, ta ce, "Ƙawa, shigo mana," ita kuma ta ce rana ta yi, wata ran. Inna takan bar tabarmar a shimfiɗe har la'asar. Taubashina ya gwada ce mini baiwata sau ɗaya a bakin rijiya, na nemi mai kunnen faifai a bakina na rasa, don ɗayar fuskar nake gani a bayan wannan.

Liman ya dawo da salula a naɗe cikin tsumma. Ban goge hoton ba, ban kuma sake buɗe shi ba.

Da asuba har yanzu ina fita da buta. Sai dai tun ranar rijiya cikin nawa murɗawa yake da gaske, sassaƙen Inna ya sami aikin yi, tana ba ni tana cewa alhaki ne. In na fito daga sabara nakan ɗan tsaya in dubi gabas, a tsaye, inda nake ganin shinge.